GASKIYA DA YIN KOMAI A FILI: JARIN SHUGABA A WURIN AIKI

Takardar da aka gabatar a babban taron shekara na ƙungiyarmu, washegarin Babbar Salla, a Mahuta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



GABATARWA

Muna godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar a ba tsohon malamin makaranta irinmu damar cewa wani abu a gaban manya. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a nan mun riƙe hannunsu mun koya musu rubuta baƙi da wasali a kan allo. Yau ga shi wasu daraktoci ne, wasu manajojin banki, wasu shugabannin sassa a asibitoci da jami'o'i, wasu kuma suna da shaguna da yara a ƙarƙashinsu a Kantin Kwari da kasuwar Dawanau. Saboda haka in muka yi maganar shugabanci a wurin aiki, da ku muke yi.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ba za mu ɓoye shi ba, tun da an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A 'yan shekarun nan kuɗin wata-wata da 'ya'yan ƙungiya ke biya ya ja baya. In ka tambayi wanda ya daina biya, ba ya cewa talauci ne ya hana shi. Abin da yakan ce shi ne, "Ina lissafin na bara?" Ba mu zo nan don mu tuhumi kowa ba, kuma ba mu da wata shaida cewa an ci kwabon kowa. Amma ƙungiyar da 'ya'yanta suka fara yin wannan tambaya a bayan ido, maimakon a zauren taro, tana bukatar ta tsaya ta dubi kanta tun kafin baki ya rabu.

GASKIYA DABAN, BAYYANAWA DABAN

Abubuwa biyu ne muke son a rarrabe. Na farko gaskiya, wato shugaba ya faɗi abin da yake haƙiƙa, ya kuma tsare abin da aka ba shi amana. Na biyu bayyanawa, wato ya gudanar da aikin ta yadda waɗanda abin ya shafa za su iya gani da idonsu, ba sai sun dogara da rantsuwarsa ba. Mutum yana iya zama mai gaskiya tsakaninsa da Allah, amma ya rufe littafin kuɗi a akwati ya rataya mabuɗi a wuya. Irin wannan shugaba ya tsira a lahira in Allah ya so, amma ya bar mabiyansa cikin zato, kuma zato shi ne gara mai cin ginshiƙin kowace ƙungiya.

Mu da muka tashi a ƙasar auduga mun san wannan tun muna yara. A kasuwar auduga ana rataye sikeli ne a tsakiyar fili, manomi yana tsaye yana kallon inda allura ta tsaya kafin malami ya rubuta, sannan a loda buhuna zuwa injin gurza na Funtuwa ko na Malumfashi. Ko da malamin awo waliyyi ne, da zai ɗauke sikelin ya shiga ɗaki da shi, ya fito ya faɗi nauyi da baki, babu manomin da zai koma gida da kwanciyar rai. Amfanin sikeli a fili shi ne yana kare manomi daga cuta, yana kuma kare malamin awo daga ƙazafi.

TUSHEN AL'AMARIN A ADDINI DA TARIHINMU

Kada wani ya ɗauka wannan magana baƙuwa ce da Turawa suka kawo. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. In har tsakanin Musulmi biyu masu salla a sahu ɗaya an yi umurni da rubutu da shaida, to ina ga dukiyar jama'a? Neman rasit ba rashin yarda ba ne, bin umurni ne.

Haka kuma ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum karɓar zakka, da ya dawo sai ya ware wani kashi ya ce wannan kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi tir da haka a bainar jama'a, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa, da ba wanda zai kai masa wannan kyauta. Malaman tarihi sun kuma kawo cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi yakan sa a rubuta dukiyar gwamna a lokacin naɗa shi, domin a gwada da abin da ya mallaka daga baya.

A nan gida ma, bayan jihadin da aka fara a 1804, Malam Ummarun Dallaje, wanda ya riƙe tutar Shehu a Katsina, ya nemi Muhammadu Bello ya rubuta masa jagora a kan yadda ake mulki. Amsar ita ce littafin Usulus Siyasa, wanda ya ginu a kan tsoron Allah, da adalci, da kusantar masu faɗa wa shugaba gaskiya, da kula da maslahar talakawa. Abin lura a nan shi ne mai mulki ne da kansa ya nemi a shimfiɗa masa ƙa'ida a rubuce, wadda kowane mai karatu zai iya auna shi da ita.

MISALI DAGA JIHARMU

Ba sai mun tafi nesa ba wajen neman misali na zamani. Marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa malamin makaranta ne kamarmu kafin ya shiga siyasa, ya koyar da kimiyyar haɗa sinadarai a Zariya da Katsina, ya kuma shugabanci gonar Sambo a nan Funtuwa a shekarun 1980. Da aka zaɓe shi gwamnan Jihar Katsina a 1999, ya bayyana kadarorinsa ga jama'a. Doka ta wajabta wa mai riƙe da muƙami ya cike takardar kadarori ya miƙa wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, amma ba ta tilasta masa ya buga ta kowa ya karanta ba. Shi ya zaɓi ya yi abin da ya wuce wajibi.

Da ya zama shugaban ƙasa ya maimaita. Ranar 28 ga Yuni 2007 aka fitar da takardarsa ga manema labarai, inda ta nuna kadarori na fiye da naira miliyan 856, har da bashin da ake bin sa. Shi ne shugaban Nijeriya na farko da ya yi haka. Kafin nan, a jawabinsa na kama aiki ranar 29 ga Mayu 2007, ya amince a gaban duniya cewa zaɓen da ya kawo shi kan mulki yana da naƙasu. Bai tsaya ga faɗa ba, a watan Agusta na shekarar ya kafa kwamitin gyaran harkar zaɓe a ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya miƙa rahotonsa a Disamba 2008. Ku duba, jama'a: mutum ya hau kujera, ya ce tsanin da na hawo da shi yana da ɓaraka. Wannan magana ba ta rage masa ƙima ba, ita ce ma abin da har abokan hamayyarsa ke tunawa da shi a kai.

To amma tarihin wannan bawan Allah yana ɗauke da darasi na biyu, mai ɗaci, wanda adalci ya sa dole mu faɗa. Ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka tafi da shi asibiti a Jidda, ba tare da an aika wa Majalisar Tarayya takardar miƙa aiki ga mataimakinsa ba. Makonni suka shuɗe babu cikakken bayani a kan halin da yake ciki. Da aka rasa labari sai jita-jita ta cike gurbi, har wasu suka ce ya rasu. Sai ranar 12 ga Janairu 2010 aka ji muryarsa ta wayar tarho a gidan rediyon BBC. Ranar 9 ga Fabrairu majalisa ta ayyana Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashin shugaban ƙasa bisa hujjar larura. An dawo da shi Abuja cikin dare a ƙarshen watan, Allah ya karɓi ransa ranar 5 ga Mayu 2010. Allah ya jiƙansa da rahama.

Ciwo ba laifi ba ne, kuma mara lafiya ba shi ke tsara abin da ake faɗa a kansa ba. Amma rufa-rufar waɗannan watanni ta jefa ƙasa baki ɗaya cikin ruɗani, har sai da aka gyara sashe na 145 na tsarin mulki a 2010, aka sa wa'adin kwana 21 wanda in shugaba bai aika takarda ba majalisa za ta ɗora mataimakinsa. Gwamnati ɗaya ce ta nuna mana fuskokin nan biyu: yadda bayyanawa ke jawo amana, da yadda ɓoyewa ke zubar da ita cikin ɗan lokaci.

DARASI DAGA MAKARANTA

Bari mu dawo fagen da muka fi sani. A ƙasar Yuganda an yi bincike a 1996 don a gano ko kuɗin gudanarwa da gwamnati ke ware wa makarantun firamare yana isa gare su. Aka tarar cewa tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin 100 kacal ke kaiwa makaranta, sauran yana maƙalewa a ofisoshin da ke tsakani. Gwamnatin ƙasar ta fara buga adadin kuɗin da ta tura wa kowace gunduma a jaridu duk wata, ta kuma umurci makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa. Zuwa 2001 fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin yana isa. Babban abin da ya canja shi ne hedimasta da iyayen yara sun san abin da ya kamata ya zo, don haka suna iya tambaya. A nan Nijeriya ma tun 2004 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fara buga kason jihohi da ƙananan hukumomi a jaridu, sannan a 2011 aka sa hannu a dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai neman bayani.

Mu kanmu sai da muka sha ɗacin wannan darasi kafin mu koye shi. Wata shekara, muna riƙe da wata makarantar ƙauye, iskar farkon damina ta kware rufin azuzuwa biyu. Da kaka ta yi, ƙungiyar iyaye da malamai ta yi karo-karo, wani ya kawo kuɗi, wani tiyar masara, wani dawa. Muka sayi kwano da katako da ƙusa, kafinta ya yi aiki, kuɗi ya yi saura. Sai muka ga ai babu alli, rajistar kiran suna ta cika, bencina sun karye, muka kashe sauran a kan waɗannan ba tare da mun shawarci kowa ba. A ranmu muna cewa ai duk don yaransu ne. Kwatsam a wannan kakar muka kwashi adashi muka sayi tsohon babur. Kafin mako biyu magana ta zagaye ƙauye cewa rufin makaranta ya haifi babur.

Wani dattijo, Allah ya jiƙansa, ya same mu da dare ya faɗa mana abin da ake cewa. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka fito da allo gindin bishiya, muka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, muka baje rasit a kan tabarma. Lissafi ya cika daidai, ko sisi bai ɓace ba. Muna jiran a ba mu haƙuri, sai wani tsohon manomi ya ce, "Malam, mun yarda ba ka ci ba. To amma da za ka sayi allin, wa ka tambaya?" Ba mu da amsa. Kuma duk da an wanke mu, karo-karon shekarar da ta biyo sai da ya yi nauyin fita, domin amana kamar tulu take, in ta tsage ko an liƙe ta sai ta riƙa tsatsafo. Tun daga ranar, duk makarantar da muka riƙe, lissafin kuɗin iyaye yana liƙe a ƙofar ofis, kuma ba mu sake kashe kwabo ba sai an zauna.

ME KE SA SHUGABANNI ƁOYEWA?

Ba kowane mai ɓoyewa ne ɓarawo ba. Wani kunya ce ke hana shi cewa na yi kuskure. Wani yana ganin tambayar da na ƙasa ya yi masa raini ne. Wani kuma 'yan kanzagi ne suka kewaye shi, ba sa kai masa sai labari mai daɗi, shi ya sa Bahaushe ya ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Mu kuma mabiya muna da namu laifin. Kara da kawaici halaye ne masu kyau, amma in suka hana mu tambayar ma'aji a zauren taro, sannan muka koma majalisar shayi muna cin namansa, to mun mayar da kawaici munafunci.

Ya kamata kuma a fahimci cewa yin komai a fili ba ya nufin tona asirin mutane. Rashin lafiyar ƙaramin ma'aikaci, da matsalar gidansa, da bashin da ya roƙa, amana ce a hannun shugaba. In ya yi kuskure a kira shi ofis a rufe ƙofa a yi masa faɗa. Abin da ba a rufe wa ƙofa shi ne dukiyar jama'a, da ƙa'idar da ake bi wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma da canjin wurin aiki da rabon kaya. Tun zamanin shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, takin zamani ya zama abin da manomanmu ba sa iya yi sai da shi, kuma mun sha ganin rabonsa a garuruwa dabam-dabam. Inda aka karanta sunaye da adadin buhuna a ƙofar fada da rana tsaka, ko takin bai isa ba mutane sukan watse lafiya. Inda aka raba da dare kuwa, ko an yi adalci, gabar da ta biyo baya takan kai wata daminar.

SHAWARWARI

Ga 'yan'uwanmu masu riƙe da ofisoshi da shaguna a birane, muna ba da shawara ku sanar da na ƙasa da ku ƙa'idar da za a auna su da ita tun kafin a auna su. In albashi zai makara ko za a rage ma'aikata, ku faɗa da wuri, da bakinku, kada su ji a bakin direba. In kun yi kuskure ku amsa shi, kada ku ɗora wa akawu. Duk kyautar da kuka san ba za ta zo ba in ba don kujerar ba, ku mayar da ita. Ku tuna duk inda kuka zauna, da sunan Mahuta ake kiranku.

Ga ƙungiyarmu kuma, muna roƙon wannan taro ya duba waɗannan abubuwa kafin a tashi:

1. Duk kuɗin ƙungiya ya shiga asusun banki mai sunan ƙungiya, kada a sake tura gudummawa asusun wani mutum komai amincinsa, kuma kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu cikin uku.

2. Kowane biya a ba da rasit mai lamba, kowane saye a kawo rasit.

3. Duk wata uku ma'aji ya fitar da bayanin shiga da fita, a tura wa rassa ta WhatsApp, a kuma liƙa kwafi a nan gida domin waɗanda ba su da babbar waya. Na ƙarshen shekara a karanta shi da Hausa a wannan taro, a buga shi a wannan mujalla.

4. A zaɓi masu binciken kuɗi mutum biyu daga wajen kwamitin zartarwa. Muna da akantoci ƙwararru a cikinmu.

5. Duk aikin da za a bayar, ko rijiyar burtsatse ko gyaran aji, a nemi farashi daga mutum uku. In ɗan'uwan wani shugaba yana cikinsu, shugaban ya faɗa, ya fita daga ɗakin har a gama yanke shawara.

6. Tallafin karatu da ake ba ɗalibai a bayyana sharuɗɗansa tun kafin a karɓi takardu, a kuma bayyana sunayen waɗanda suka samu.

7. Shugabannin da wa'adinsu ya cika su miƙa littattafai da kadarori a rubuce, a gaban shaidu.

Muna kira ga shugabanninmu kada su ɗauki waɗannan a matsayin tuhuma. Garkuwa ce gare su, domin ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Muna kuma kira ga waɗanda suka janye hannu su dawo su biya, su zo taro su yi tambayarsu a inda za a amsa. Wanda bai biya ba, bai halarta ba, bakinsa ba shi da nauyi wajen neman lissafi.

KAMMALAWA

Jama'a, yaran da ke zaune a bayan wannan rumfa suna kallonmu, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In suka ga ana tambayar ma'aji yana amsawa da fara'a, haka za su yi in an ba su amana. In suka ga mai tambaya ya zama abokin gaba, su ma za su koyi rufe littafi. Azuzuwan garin nan, da ɗakin shan magani, da ruwan sha, duk suna jiran gudummawarku, gudummawar kuma tana jiran a buɗe littafi. Muna fatan in Allah ya kai mu taron baɗi, shafin farko da za mu buɗe a wannan mujalla ya zama na lissafin kuɗi.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, muna neman afuwa ga duk wanda maganarmu ta sosa wa rai. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya mayar da kowa gidansa lafiya.